Motar caji ko Hilux: wacce za ta kai ka Abuja da tirela a baya?

Alhaji barka da yamma, na ga tambayarka tun da hantsi, ina kan rufin wani gida a Gesse muna ɗaura fanel shi ya sa sai yanzu na samu zama. Ka ce ka ga bidiyon mutanen Amurka suna jan ɗakin kwana mai taya da motar lantarki, har ranka ya biya, kana shawarar ko ka saida Hilux ɗinka ka sayi irinta don zirga-zirgar Birnin Kebbi zuwa Abuja da jan tirelar albasa daga Aliero. To ni ba dillalin mota ba ne, aikin sola nake, amma lissafin batir shi ne abincina kullum, don haka bari in aje maka su kusa da juna ka gani da idonka.

Maganar ƙarfi tukuna, don na ga wasu suna cewa wai motar caji abin wasan yara ce ba ta iya jan kaya. Ba haka ba ne wallahi. Injin lantarki yana bada ƙarfinsa gaba ɗaya tun daga tsaye, ba sai ya yi gurnani an canza giya ba. Ford F-150 Lightning da ta fito a 2022 an yarje mata jan kimanin kilo 4,500, Rivian R1T kusan 5,000, alhali Hilux mai shan gas ta zamani iyakarta 3,500. A nan kam mai caji ta yi gaba, ba gardama.

Inda gizo ke saƙa shi ne nisa. Lightning ɗin mai babban batir, kilowat-awa 131, wato yunit 131 irin na mitar wutar gida, a takarda tana cin kilomita 515 da caji ɗaya, amma wanga lissafi na mota ce ita kaɗai ba kaya. Da ka ƙulla mata babban ɗaki a baya nisan nan yana komawa rabi, wani lokacin ma bai kai rabin ba, kuma ba nauyin ne kaɗai ke cin wutar ba, iska ce. Ɗakin nan dogo ne mai faɗin gaba kamar ka ɗauki ƙyauren shago kana gudu da shi, kuma in ka ninka gudu sau biyu turjiyar iska sau huɗu take ninkuwa. Shi ya sa tirelarka ta albasa in gajera ce an ɗaure tamfol da kyau ba za ta ci wuta kamar ɗakin Bature ba, amma dai za ta ci.

Kar ka ce Hilux ta tsira daga wanga, ita ma in tana ja shan mai take kamar raƙumi ya samu rijiya. Bambancin shi ne abin da ta ɗauko a cikinta. Tankinta lita 80 ne, kowace lita ta gas tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kilowat-awa 10, ka ga 800 kenan. Injin mai mabarnaci ne, kusan kashi biyu cikin uku zafi yake zama ya bi salansa da lagireto, amma ko abin da ya rage ya ninka na batir ɗin Lightning. Don ka gane girman 131 ɗin nan, batirin litiyom da muke sa wa gidaje mai kilowat-awa 5, wanda ƙarti biyu ke ɗauka suna nishi, sai ka jera 26 kafin ka kai shi. Duk da haka tankin da yaro ke cikawa yana hira ya fi shi ɗaukar nisa.

Bara mun ja tirela da fanel da batura zuwa Yauri ni da wani ƙanena, iska tana busowa ta gaba, kafin mu kai Koko allurar mai ta kwanta fiye da yadda munka yi tsammani. Gidan man da munka tsaya a rufe. Ko minti biyu ba mu yi ba wani yaro ɗan bumburutu ya sheƙo da jarka a kafaɗa, mazurarinsa gorar ruwa ce da anka yanke gindinta, ya shimfiɗa tsumma a baki don tace datti, ya tuttula muna, munka biya da tsada muna ƙunƙuni munka wuce. Ina kallon yaron nan ina cewa a raina, da motar caji ce fa? Ba wanda zai sheƙo maka da wuta a jarka. Kuma kai ka san hanyar nan, daga Yauri zuwa Kontagora zuwa Tegina ba inda mutum ke son magariba ta riske shi a tsaye ba ne, balle da kaya a baya.

Su can Amurka abin da ya sa yake yi musu, akwai wuraren caji mai sauri a bakin manyan hanyoyi, Lightning tana tashi daga kashi 15 zuwa 80 cikin minti arba'in da 'yan kai. Ko su ɗin suna kuka, don yawancin wuraren an gina su ne kamar wurin fakin, sai mutum ya kwance tirela ya aje gefe ya yi caji ya dawo ya sake ƙullawa, kuma bayan tafiyar awa biyu a sake. Bidiyon ba ya nuna maka wanga ɓangare.

Mu nan fa? Hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci a Najeriya, lokacin da Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ke shugabanta ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, an yi irinta a jami'ar Legas da ta Nsukka, abin a yaba ne. Amma kai kudu za ka yi ba Sakkwato ba, tafiyar da ta haura kilomita 600, kuma duk bin da nake wa hanyar Jega, Koko, Yauri har Kontagora ban taɓa cin karo da wurin cajin mota ba. Abin da ya rage maka soket ɗin bango, shi kuwa abin da yake iya bayarwa bai wuce kilowat 3 ba. Raba 131 da 3, kusan awa arba'in da huɗu kenan, kusan kwana biyu motar na jone, in wutar ba ta ƙyafta ba ko sau ɗaya. Ƙaramin janareto kuwa kar ma a kawo maganarsa, ka ƙona fetur don ka guje wa fetur, an gudu ba a tsira ba.

Amma kar a ce na kashe wa motar caji kasuwa, akwai inda take kada Hilux warwas. Ɗauki ƙarama irin Hyundai Kona da anka fara haɗawa a Legas a 2020, batirinta kilowat-awa 64. Tana cin wajen yunit 15 a kilomita 100. Ko a Band A kake, rukunin masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, inda yunit ya haura naira 200, kuɗin bai wuce dubu uku da 'yan kai ba. Motar fetur mai girmanta za ta sha wajen lita 8 a wanga nisa, kai ka ninka da farashin lita na yau, tun da anka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya haddace shi. In kuwa kana da sola, fanel goma masu wat 550 a ranar Kebbi suna tara maka wajen yunit 25 a wuni, wato tafiyar kilomita ɗari da rabi, ranar da ke gasa mu a banza ta koma mai. Kai yara makaranta, zuwa kasuwa, Kalgo, Jega, Argungu ka dawo, duk ba ka leƙa gidan mai ba. Sakkwato ma zuwa da dawowa za ta yi, sai dai a watan Afrilu da esi ke aiki ba hutu ka bar ido a kan allon. A cikin gari ma ta fi jin daɗi, don duk birkin da ka taka tana maida ɗan caji cikin batir, ita kuwa Hilux a cunkoso mai kawai take ƙonawa.

Gyara kuma kowacce da nata. Mai caji ba baƙin mai, ba fulogi, ba salansa, ba juye duk wata. Sai dai tana da nauyi, Lightning ta kusa tan uku, tana cin taya, kuma batirin shimfiɗe yake a ƙarƙashinta, ka tuna ramukan hanyarmu da shiga fadama da damina. Hilux ko a ƙauyen da ba asibiti ta lalace za ka samu bakaniken da ya san cikinta kamar yunwar cikinsa, kayan gyaranta har na gwanjo akwai. Batirin motar caji da ke ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 400 ba abin da yaron gareji zai sa wa sifana ba ne, yana iya kashe mutum nan take.

Don haka in ni ne kai Alhaji, Hilux ba ta zuwa ko'ina, ita ce ta Abuja ita ce ta albasa. In kuɗin ya samu a ƙaro ƙaramar mai caji ta zama ta gida, a ƙara fanel a rufi, ko kuma a nemi haibirid, mai haɗa fetur da batir, irin Prius ko Camry in ana son rage shan mai a doguwar hanya ba tare da ja ba. In ka tashi sayen ta hannu kar fenti ya ruɗe ka, ka sa a jona na'ura a nuna maka kashi nawa ya rage na lafiyar batir, sannan ka duba bakin cajinta, don na motocin Amurka daban, na Turai daban, na Sin daban, kar a kawo maka mota daga Kwatano ka zo gida kan caja ya ƙi shiga.