Raba kwamfuta ko gina aiki a kan wayar da ke aljihu: wanne ya fi?

Malama, kin ce ƙungiyarku ta samu tallafi na shekara biyu don amfani da fasahar zamani wajen taimaka wa mutanen karkara, kuma kan 'yan kwamitinku ya rabu. Wasu na son a sayi kwamfutoci a raba wa makarantu, a buɗe cibiya. Wasu kuma sun ce a gina aikin a kan wayar salular da mutane suka riga suka mallaka. Tambayarki ita ce wanne ya fi.

An gwada hanyoyin nan biyu a ƙasashe masu tasowa da dama, an kuma kashe musu maƙudan kuɗi. Manyan misalansu ma a shekara ɗaya suka shiga hannun jama'a, wato 2007, don haka kwatanta su ba zai yi wuya ba.

Na farko shi ne shirin One Laptop per Child, na bai wa kowane yaro kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka. Nicholas Negroponte na jami'ar MIT a Amurka ne ya kawo shi a 2005, da alƙawarin kwamfutar dala 100. A watan Nuwamba na shekarar aka nuna samfurinta a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sadarwa a Tunis, Kofi Annan na tsaye a wurin. Da aka fara ƙera ta a ƙarshen 2007, kuɗinta ya kusan ninka abin da aka yi alƙawari. Duk da haka ƙasashe sun saya. Peru kaɗai ta ɗauki sama da dubu 800. Tunanin masu shirin shi ne idan na'ura ta shiga hannun yaro, zai koya wa kansa ko da malaminsa ba shi da ƙarfi. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a makarantun firamare 319 na karkarar Peru. Bayan wata 15, yaran sun iya sarrafa kwamfuta, an kuma ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani. Amma a lissafi da karatu, waɗanda aka bai wa kwamfuta ba su fi waɗanda ba a bai wa ba.

Na biyu shi ne M-Pesa, tsarin aika kuɗi ta waya wanda kamfanin sadarwa na Safaricom ya ƙaddamar a Kenya a watan Maris na 2007. Ba su raba wa kowa na'ura ba. Ƙaramar waya mai maɓalli da ke hannun mutane suka ɗauka yadda suka same ta. Wani abu da nake so ki lura da shi: ba don aika kuɗi aka fara tsara shi ba. Gwajin farko na 2005, wanda ma'aikatar raya ƙasashe ta Birtaniya ta tallafa wa, na biyan ƙananan basussuka ne. Sai masu gwajin suka ga mutane na aika wa junansu kuɗi, wasu kuma suna zuba kuɗi a waya kafin su hau mota don kada a yi musu fashi a hanya. Maimakon su ce mutane sun kauce wa tsari, sai suka sauya tsarin ya bi mutane. Wani bincike da Tavneet Suri da William Jack suka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa tsarin ya fitar da gidaje 194,000 daga talauci, kimanin kashi 2 cikin 100 na gidajen Kenya, kuma gidajen da mata ke riƙe da su sun fi amfana. Wasu masana sun yi jayayya da wannan lissafi, amma babu mai musun cewa miliyoyin mutane sun rungumi abin da kansu, suna biyan kuɗin aikin daga aljihunsu.

A nan bambancin farko yake, kuma a ganina shi ne mafi girma. M-Pesa ya tarar da ciwo a ƙasa. Mai aiki a birni yana son aika wa iyayensa kuɗi a ƙauye, kuma kafin nan sai ya damƙa wa direba ko wani matafiyi, yana fargabar ko saƙon zai isa. Ba sai an yi masa wa'azi ba. Ita kuwa kwamfutar yara amsa ce ga tambayar da masu shirin suka yi wa kansu. Ba a zauna da malamai an ji abin da ke hana yaro iya karatu ba, wanda sau da yawa cunkoso ne a aji, ko malamin da ba ya zuwa, ko koyarwa da harshen da yaron ba ya ji.

Sai batun kuɗi, kuma nan ne kwamitoci suka fi ruɗuwa. Idan an tashi lissafin kwamfuta, kuɗin saye ake rubutawa. Amma sayen doki daban, ciyar da shi daban. Akwai wutar caji, akwai data, akwai batirin da zai mutu bayan 'yan shekaru, akwai gilashin da zai fashe, ga ƙura da zafi. Na taɓa shiga ofishin shugaban wata makaranta ya buɗe mini kabad: kwamfutoci a jere, wasu ko ledarsu ba a cire ba. Na tambaye shi dalili. Ya ce ya sa hannu a takardar karɓa, idan ɗaya ta lalace shi za a tuhuma, kuma babu wanda ya gaya masa inda zai kai gyara. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Laifin na tsarin da ya kawo kaya bai kawo mai kula da su ba ne. Waya kuwa mai ita ne ke ɗauke da nauyinta. Shi ya saya, shi ke neman inda zai yi caji, idan ta lalace ya san mai gyara. Ranar da tallafinku ya ƙare, tana nan a aljihunsa.

To amma kada masu goyon bayan waya su yi saurin murna, domin ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ya ɗaga M-Pesa ba manhaja ba ce kaɗai. Wakilai ne. Ki dubi yadda cinikin yake: tsohuwa ta zo rumfar wakili da saƙo a wayarta, ta nuna katin shaida, ta danna lambar sirri, wakilin ya ƙirga mata tsabar kuɗi, ya rubuta a littafi ta sa hannu. Idan wakilin ba shi da tsaba a ranar, saƙon da ke wayarta bai tsinana mata komai ba. Kamfanin ya kashe ƙarfinsa wajen ɗaukar waɗannan wakilai, da horar da su, da tabbatar da cewa kuɗi ba ya yanke musu. Babban Bankin Kenya kuma ya bar abin ya fara aiki yana sa ido, bai danne shi da dokokin banki tun daga farko ba. Da aka kai M-Pesa Afirka ta Kudu a 2010, inda mutane da yawa ke da asusun banki kuma wakilan ba su yawaita ba, bai kama ba, aka rufe shi a 2016. Suna ɗaya, fasaha ɗaya, sakamako daban.

Haka labarin yake a wajen farashin kasuwa. Masanin tattalin arziki Robert Jensen ya bi masuntan jihar Kerala a Indiya daga 1997 zuwa 2001, lokacin da sabis ɗin waya ke isa gaɓar teku. Kafin waya, masunci na iya sauka a kasuwar da kifi ya yi yawa ya rasa mai saye, alhali a wata kasuwa kusa ana nema. Da suka fara kira tun suna kan ruwa, asarar kifi ta kusan ɓacewa, ribar masunta ta ƙaru da kimanin kashi 8 cikin 100, masu saye kuma suka samu sauƙin kimanin kashi 4. Jenny Aker ta ga irin wannan a kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, inda tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Amma da aka gwada aika wa manoma farashi ta saƙon tes a jihar Maharashtra ta Indiya, binciken da aka wallafa a 2012 bai ga wani ƙari a kuɗin da suke samu ba. Masunci yana kan jirgi, zai iya juya akalarsa zuwa inda farashi ya fi. Manomin da ba shi da hanya, ba shi da rumbun ajiya, kuma ɗan kasuwa ɗaya ke zuwa garinsu, sanin farashin birni takaici kawai zai ƙara masa.

Akwai kuma waɗanda waya ke bari a baya, kuma wannan yana damuna matuƙa. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2024 kimanin mutum biliyan 2.6 ba sa amfani da intanet, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya. Da yawansu sabis ya iso inda suke, tsadar babbar waya da data da rashin iya karatu ne suka tare su. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, kuma tana hannun maigida. Idan kun tsara saƙon lafiyar masu juna biyu, ku fara tambayar wa zai karanta shi, da wane harshe, kuma ko zai isar. Shi ya sa saƙon murya da lambar USSD, wato irin lambar da ake dannawa da alamar * da # a kowace irin waya, suka fi manhajar da sai an sauke isa ga talaka. Cibiya kuwa, duk da nauyinta, tana da wani alheri da waya ba ta da shi: wanda bai mallaki komai ba zai iya shigowa ya zauna, ya samu mai nuna masa.

Kuma zan yi wa kwamfuta adalci. Akwai abin da ba a koya a kan ƙaramin gilashin waya. Matashin da ke son iya rubuta takardar ofis, ko lissafin kasuwanci a jadawali, ko rubuta manhaja, sai ya zauna gaban allon rubutu na sosai. Uruguay ta sayi irin kwamfutar da Peru ta saya, a ƙarƙashin shirinta na Ceibal da ya fara a 2007, kuma zuwa 2009 ta kai ga kowane ɗan firamaren gwamnati. Ita ma binciken farko bai nuna ƙari a lissafi da karatu ba. Amma ba ta tsaya a rabo ba. Ta kafa hukuma ta dindindin, ta kai intanet makarantu, ta tsara gyara, ta horar da malamai, ta zuba darussa a dandalin intanet. Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, tana cikin ƙasashen yankin da suka fi saurin komawa karatu daga gida. Sai dai ki tuna ƙasa ce mai mutum kimanin miliyan uku da rabi, kuma gwamnati ce ta riƙe abin fiye da shekara goma. Ba tallafin shekara biyu ba ne.

Kentaro Toyama, wanda ya yi shekaru yana gwada irin waɗannan ayyuka a cibiyar binciken Microsoft da ke Indiya, ya fito da fahimtar cewa fasaha ƙara ƙarfin abin da ta tarar take yi. Makarantar da ke da shugaba nagari da malamai masu himma, kwamfuta za ta ƙara mata. Wadda ba ta da su, kaya ne kawai aka ƙara wa sito. Duk misalan da na kawo miki sun gaskata shi.

Don haka ga ra'ayina kai tsaye. Da tallafin shekara biyu, kuma idan burinku noma ne ko lafiya ko hada-hadar kuɗi, ku bi ta waya. Amma kada ku ƙirƙiri sabuwar manhaja idan akwai wadda ke aiki. A 2012 sai da ma'aikatar lafiya ta Uganda ta dakatar da sababbin gwaje-gwajen lafiya ta waya, saboda sun yi yawa, kowace ƙungiya da nata, ba sa magana da juna, kuma yawancinsu na mutuwa da ƙarewar tallafi. Idan bayanan lafiya za ku tattara, ku duba ko gwamnati na amfani da DHIS2, manhajar kyauta da jami'ar Oslo ke jagoranta wadda ƙasashe sama da 70 ke aiki da ita, ku shiga cikinta. Abin da kuka tattara zai rayu bayanku.

Idan kuwa burinku koya wa matasa sana'ar kwamfuta ne, to ku saya, amma kaɗan, a wuri ɗaya mai wutar sola, ba a warwatsa su makarantu goma ba. Ku fara da ɗaukar mai koyarwa kafin ku yi odar na'ura, ku ware kuɗin gyara da data tun a kasafin farko, ku kuma yi yarjejeniya a rubuce da makaranta ko hukumar da za ta karɓi cibiyar bayan kun tafi. A takardar ku bayyana cewa lalacewar na'ura wajen aiki ba laifin shugaban wurin ba ne, don kada ya kulle su a kabad.

Abu ɗaya ne ba ki faɗa a tambayarki ba: wace matsala ce mutanen suka kawo muku da bakinsu? Kafin zaman kwamitinku na gaba, ku tura mutum biyu ko uku su kwana biyu a garuruwan, su ji ta bakin mata daban, matasa daban, malamai daban, su kuma ƙirga wayoyi nawa ne a gida da wanda ke riƙe da su. Idan kin dawo da abin da suka ce, sai mu duba kasafin tare.