Hob ɗin USB mai adafta ko mara adafta, wanne za ka saya wa kujerar tuƙin jirginka?

Duk wanda ya fara haɗa kayan kwaikwayon tuƙin jirgin sama a gida da hannunsa ya san yadda abin yake tafiya, yau sitiyari da totur, gobe feda, jibi ka ga ka haɗa wani ɗan akwatin makunnai da Arduino a ciki, wato ɗan allon lantarki da ake saka wa umarni, kafin ka ankara ramukan USB na kwamfutar sun ƙare kaf. To sai maganar hob ta taso, wato na'urar da ke raba ramin USB ɗaya zuwa bakuna da yawa, kuma a nan ne mutane ke sayen abin da zai zo yana ba su ciwon kai.

Lissafin wuta ne kawai wallahi. Ramin USB 2.0 ɗaya yana bada 500 mA (miliamp, 1000 mA shi ne amp ɗaya) a kan bolt 5, na 3.0 kuma 900 mA. Hob mara adafta ba shi da wutar kansa, wannan ɗan abin da rami ɗaya ya ba shi ne zai ci nasa ya raba wa sauran, a ƙa'ida ma 100 mA ne rabon kowane baki a 2.0. Mai adafta kuwa daga soket yake sha, sai ya ba kowane baki cikakken rabonsa.

Idan kayanka maɓallai ne zalla da makunnai da irin murɗin nan na folum, misali Arduino Pro Micro guda biyu ko allon Leo Bodnar BU0836, kar ka wahalar da aljihunka, mara adafta mai baki huɗu ya ishe ka, kowane allo wajen 50 mA yake ci. Amma da zarar ka sa abin da ke haske ko abin da ke motsi to labari ya canza. Ƙwan LED ɗaya yana iya shan 20 mA, allon lambobi mai MAX7219 da ake nuna mitar rediyo da shi yana kai 300 mA in an ƙure haskensa, ɗan moton servo mai juya allurar mita kuma lokacin da ya yunƙura yana fizgar wuta sosai, nan take bolt ya faɗi.

Ni haka ta same ni. Na haɗa Arduino Mega mai aiki da manhajar MobiFlight da allunan lambobi uku a wani hob mai araha da na tsinta a kasuwa, ina gangarowa zan sauka a manhajar kwaikwayon tuƙi ta X-Plane, na kunna fitilun kenan sai na ji ƙarar nan ta Windows ta cire na'ura, lambobin suka mutu, feda da ke kan hob ɗin ita ma ta ɗauke. Sati guda ina warware waya ina sake ɗana dalma ina zargin aikina, ashe wuta ce ba ta isa.

Sai dai ba kowane mai adafta ne abin saye ba, juya adaftar ka karanta bayanta kafin ka biya. Baki bakwai a 500 mA ya kama amp 3.5 kenan, amma za ka ga an haɗo shi da adaftar bolt 5 mai amp 2, wannan ba za ta ɗauki duka bakunan a cike ba. Masu arhar nan kuma wasunsu suna mayar da wuta baya cikin kwamfuta, gwajin mai sauƙi ne, kashe kwamfutar ka bar adaftar a jone, in ka ga fanka ko wata fitila a jikinta ba ta mutu ba to mayar musu da kayansu, bai kai ka yi asarar babban allon cikin kwamfuta (motherboard) a kansa ba. In ka samu wanda aka rubuta Multi-TT ɗauke shi, don yawancin allunan nan a 12 Mbps suke magana, shi kuma kowane baki yana da hanyarsa maimakon su yi cunkoso a guda. Ba sai ka nemi 3.0 ba, maɓalli ba ya buƙatar gudu. Kuma kar ka yi ta jona hob a kan hob, biyar ne iyaka a jere, masu baki bakwai ɗin ma sau da yawa hob biyu ne a cikinsu.

Wani abu da ya shafe mu nan gida shi ne ɗauke wuta. Laftof za ta ci gaba da batirinta amma adaftar hob ta mutu, kana sama kayanka su tafi, don haka jona ta a UPS ko inbata tare da kwamfutar. Sitiyari da feda kam ni kai tsaye nake sa su a jikin kwamfuta, hob na allunan fitilu ne.

Bayan ka jona, shiga Device Manager na Windows ka buɗe kowane USB Root Hub da hob ɗin naka ka cire alamar da ke ba Windows damar kashe shi don tattalin wuta, sannan ka kashe USB selective suspend a tsarin wutar kwamfutar, in ba haka ba ko hob mai tsada ne zai riƙa yin barci kana tsakiyar tafiya.