Mazari iri biyu a bakin ruwan Owabi

Wanda ya saba zuwa madatsar Owabi, kusa da Kumasi, ya san mazarin wurin ba iri ɗaya ba ne. Kakkauran in ya sauka, fukafukansa huɗu a buɗe suke, na baya sun fi faɗi, manyan idanunsa kuma sun kusa haɗewa a ka. Gwanin tashi ne, har kududdufan Zango yakan leƙo bayan ruwan sama, yana cafke sauro a iska.

Siririn kuwa kamar tsinken tsintsiya yake. Yakan naɗe fukafukai a bayansa, idanu a rabe, ba ya nisa da ciyawar gaɓa. Ni shi ya fi burge ni, sai dai ganinsa sai mai haƙuri.