Sitiyarin Hilux ɗina ya daina rawa, sai birki ya karɓa

Garejin da ya gyara mini rawar sitiyarin yana ɓangaren Bypass a nan Gombe, kuma da a ranar da na fito da mota na rubuta wannan, da yabo zalla za ku karanta. Yanzu kam raina ya kasu biyu.

Motar Hilux ce mai fowil, wato mai iya ja da tayoyi huɗu, da ita nake zirga-zirga tsakanin gari da gonar shinkafa a Dadin Kowa. Tun ƙarshen damina ta tsiro da wani hali. A gudun 60 lafiya lau take, amma da allura ta hau 85 zuwa 100 sai sitiyari ya kama karkarwa kamar mai masassara, in na haura 110 kuma ta ɗan lafa. Bakaniken da na saba da shi ko shiga motar bai yi ba. Ya ɗaga ta a jak, ya girgiza taya, ya ce tairod ne. Aka sa sabo, rawa tana nan. Ya ce bol-join, aka canja na sama da na ƙasa. Sai kuma shokozoba. Ranar da ya ce furofelar gaba, wato sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba, ita ce ta lanƙwashe, in kawo kuɗi a sayo wata, na ce ya ba ni makullina. Kun san yadda kayan Hilux suke a kasuwa yanzu, ba sai na faɗa ba.

Shi ogan na Bypass dattijo ne, kuma bai taɓa ko sufana ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. "Alhaji, a hannu kake jin ta ko a kujera? In ka taka birki tana ƙaruwa? In ka ɗaga ƙafa daga totur fa, tana ɗaukewa?" Na ce a hannu take, birki ba ruwansa, totur ma haka. Ya ce mu hau titi. Muka bi hanyar Bauchi wajen filin jirgi na Lawanti inda kwalta ta miƙe, ya kai ta 95, ya cire giya ya bar ta a firi. Inji ya sauka, rawa ba ta sauka ba. Ya ce, "To, inji da giya sun fita daga zargi. Abin da ke juyawa tare da taya ne."

A hanyar dawowa ya yi mini bayanin da babu wanda ya taɓa yi mini. Rawar da ke zuwa a wani gudu na musamman ta wuce in an haura shi, galibi ta taya ce ko rim ko balansin. Wadda ba ta zuwa sai an taka birki, faifan birki ake dubawa. In kuma sai an danna totur take tashi, a nemi shaf ko kuros ɗin furofela. Boris shi ƙugi yake yi, kuma ƙarar tana sauyawa in ka karya kwana. Tairod da bol-join da suka saki suna ƙara wa rawa ƙarfi, amma ba kasafai su ne tushenta ba. Da na ba shi labarin furofelar gaba sai ya yi dariya, ya ce a irin tawa, muddin tana H2, wato tayoyin baya kaɗai ke ja, giyar fowil ba ta tura furofelar gaba ko kaɗan, to ta yaya za ta girgiza sitiyari a kan kwalta?

Abin da ya fi burge ni bai ci ko kwabo ba. Ya sa aka mayar da tayoyin gaba baya, na baya suka dawo gaba, muka sake fita. Sitiyari ya yi tsit, rawar ta koma ƙarƙashin kujera. Wallahi sai da na yi salati. Muka dawo ya ɗaga tayar da ta fito daga gaba ta dama, ya kafa alli kusa da ita, ya juya ta da hannu. Sai ga alli yana taɓa wuri ɗaya kawai a kowane zagaye. Wayar cikin tayar ta saki, ta yi ɗan tudun da ido ba ya gani in mota tana tsaye. Ya nuna mini lambobi huɗu na ƙarshe a layin DOT da ke gefenta, 3117, wato an ƙera ta a mako na 31 na shekarar 2017. Da ita motar ta zo hannuna, kuma zanenta yana nan raɗau, shi ya sa kowa ke wuce ta. A ɗayar kuma, busasshiyar laka ce ta manne a cikin rim ta ɓangare ɗaya, irin baƙar lakar nan ta bakin fadama, ga darmar balansin ta faɗi tuntuni. Aka kankare, aka sa sabuwar taya, aka yi balansin da alaimen. Ya kuma ja kunnena kada a bar motar a H4, wato duka tayoyi huɗu na ja, a busasshiyar kwalta, domin gaba da baya a ƙulle suke tare, in ana kwana sai ƙarfe ya riƙa murɗe ƙarfe, taya tana ci.

Har nan ba ni da ta cewa. Matsalar yaransa ne.

Da aka zo ɗaure tayoyi, oga ya tafi sallar la'asar, daga can aka ce ya wuce gaisuwar mutuwa. Yaro ya zura dogon bututu a kan sufanar taya, yana hawa da ƙafa yana dira, noti bayan noti yana bin da'ira. Noti shida ne a tayar Hilux, kuma ko mai faci na bakin titi ya san tsallakawa ake yi, a ɗaure wannan a koma wanda ke fuskantarsa a ɗaya ɓangaren, a bi su a hankali. Na yi magana, ya ce, "Yallaɓai, ai motar daji ce, gara ta ɗauru." Ba a jima ba na yi faci a Kwadon, ina ɗauke da buhunan taki. Mai faci ya yi ta fama, gumi har ƙasa, ƙarshe ƙusa ɗaya ta karye da notinta. A kan biyar na lallaɓa na dawo gida.

Sannan ga sabon abu: in na taka birki daga gudu, sitiyari da feda duk su kama bugawa. Abin da shi da bakinsa ya tambaye ni a ranar farko na ce babu. Na koma na same shi. "Oga, wannan fa aikin yaranka ne." Ya duba, ya yarda faifan gaba ba ya juyawa daidai, ya kuma yarda ɗaurin da ya wuce kima, wani noti ya fi wani, yana iya jawo haka. Amma sai ya ce ai faifan dama ya sha jiki, ko yau ko gobe zai nuna. Ya canja ƙusar kyauta, ya yi wa yaron faɗa a gabana, iyakar abin ke nan. Kuɗin gyaran faifai daga aljihuna ya fita, kuma raina ya ɓaci sosai, don mutumin da ya iya gano taya da alli bai kamata ya bar bututu a hannun yaro ya tafi ba.

In motarka tana rawa an rasa gane kanta, kai masa, zai gano. Amma ka je da sassafe lokacin da yake nan, kada ka matsa daga wurin sai an ɗaure noti na ƙarshe a gabansa. Ka kuma karɓi tsofaffin kayanka nan take. Tawa tayar mai tudu na ce a ajiye mini in yi wa shanu mazubin ruwa da ita, da na dawo aka ce ba a san inda take ba, kuma ba na raba ɗaya biyu an sayar wa wani ya ɗaura a motarsa.