Jami'ar da ba ta manta da lambar wayarka

Assalamu alaikum 'yan'uwa, 'yan ajinmu na lise da sauran Damagarawa. Ya gida, ya iyali, ya fama da ruwa? Mu nan Girinsboro, cikin jihar Karolina ta Arewa, sai godiya. Garin nan 'yan Nijar sun daɗe da yin kaka-gida a cikinsa, da wuya ka je sallar Juma'a ba ka ji Hausa da Zabarmanci ba.

Tun da maganar gyaran azuzuwan tsohuwar makarantarmu ta taso, ta kuma kwanta kamar yadda ta saba, wasu cikinku suke tambayata wai su Amurkawa ina jami'o'insu suke samun kuɗin waɗannan gine-gine da muke turo muku hotunansu. Gwamnati na bayarwa, ɗalibai na biya, amma akwai hanya ta uku, ita ce za ta fi ba ku mamaki: roƙo. Jami'a a nan roƙo take, ba kunya ba tsoron ido, kuma waɗanda ta yaye su take fara bi.

Ni ma na ratsa wata jami'ar gwamnati a nan, don haka ina cikin kundin. Ranar da ka karɓi takardarka, sunanka ya bar ofishin karatu ya koma wani ofishi daban, wanda ba shi da aiki sai neman gudummawa. Ma'aikata ne masu albashi, wannan ita ce sana'arsu, har karatunta ake yi. Sun san shekarar da ka gama, sun san sashen da ka yi, sun san inda kake aiki. In ka tashi daga gida ka koma wani gari, kafin danginka su san sabon adireshinka wasiƙarsu ta riga ta iso. A yawancin jami'o'i shekarar lissafi tana farawa 1 ga Yuli ta ƙare 30 ga Yuni, saboda haka watan Yuni da watan Disamba su ne lokacin da akwatin wasiƙa yake cika. Cikin ambulan za ka tarar da wani ambulan, an riga an rubuta masa adireshi, da ɗan kati mai gurabe: dalar Amurka 25, 50, 100, ko ka rubuta abin da ranka ya ba ka. Dala 25 ɗin nan wajen jaka 15 ke nan na sefa.

Sai kiran waya. Da yamma, bayan an tashi daga aiki, wata ɗaliba za ta kira ka. Jami'a ce take biyanta kuɗin awa don ta zauna ta yi ta kiran tsofaffin ɗalibai. Ba ta fara da maganar kuɗi. Za ta tambaye ka ya aiki, wane malami ne ka fi tunawa, ta ba ka labarin cewa an sake rufin ɗakin karatu, ta ce ita ma a sashenku take kuma da tallafi take karatu. Sai hira ta yi daɗi sannan ta faɗi adadi, kuma ta sama take farawa. Ka ce ba ka da ɗari, ta ce hamsin fa? Ka ce a'a, ta ce ko goma ce ka bayar, don a lissafa da kai. Dillalan kasuwar Dole da sun ji ta da sun sara mata.

Wannan «a lissafa da kai» ba daɗin baki ba ne. Yawan waɗanda suka bayar yana da muhimmanci a wurinsu kusan kamar yawan kuɗin. Mujallar U.S. News da take jera jami'o'i daga na ɗaya zuwa ƙasa ta daɗe tana duba kashi nawa na tsofaffin ɗalibai ne suke bayarwa, sai a 2023 ta cire wannan daga ma'auninta. Ban da haka, attajirin da ake zawarci yakan so ya ga 'ya'yan gida sun fara sa hannu kafin shi ya sa nasa. Shi ya sa ake haɗa gasa: 'yan 1995 da 'yan 2005, sashen injiniya da sashen noma, a ga wa zai fi yawan hannuwa cikin awa 24. Akwai kuma wata Talata ta musamman, wadda take biyo bayan bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba, da aka mayar ranar bayarwa tun 2012. Ranar nan wayarka ba ta hutawa.

Abubuwa biyu suna sa hannu ya yi sauƙin shiga aljihu. Na farko, kamfanoni da yawa suna ninka abin da ma'aikacinsu ya bayar: ka ba da hamsin, kamfani ya ɗora hamsin. Kamfanin General Electric ne ya fara wannan a 1954. Na biyu, gwamnati tana rage wa mai bayarwa haraji, ko da yake wannan rangwame ya fi amfanar masu hannu da shuni, irinmu ba mu cika ganin bambanci ba.

Amma abin da nake so ku riƙe shi ne abin da yake biyo bayan bayarwar. Kafin ka ajiye waya rasit ya shigo. Bayan 'yan makonni kati ya zo, wani lokaci da rubutun hannun ɗalibin da ya ci moriya. Ƙarshen shekara a fitar da rahoto: ga abin da ya shigo, ga inda ya tafi. In ka ce kuɗinka na ɗakin karatu ne, ba mai ikon ya saye tayar motar shugaban jami'a da su, domin doka ta ɗaure su ga sharaɗin mai bayarwa, kuma an sha kai jami'o'i kotu a kan haka. Kana kuma ganin abin da ido. Ɗakin karatu a buɗe har tsakar dare, lokacin jarrabawa ma kwana yake a buɗe. Akwai wani ɗaki da aka jera shinkafa, taliya, gwangwanaye da sabulu, ɗalibin da aljihunsa ya bushe ya shiga ya ɗiba ba mai tambayarsa ɗan wane ne. Eh, a Amurka ma akwai ɗalibi mai kwana da yunwa, kada hotuna su ruɗe ku.

Kuɗin kashi biyu ne. Na shekara-shekara, wanda ake kashewa nan take, da kuma uwar kuɗi wadda ba a taɓawa. Ita wannan ana juya ta ne a kasuwar hannun jari da gidaje da filaye, a riƙa cire wajen kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari kowace shekara. Saniyar tatsa ce, a sha nono a bar ta da ranta. Ta jami'ar Harvard ta haura dala miliyar 53 a 2024, wato wajen kasafin kuɗin Nijar na shekara goma. Sunan ma da jami'ar take amsawa na wani malamin coci ne, John Harvard, wanda ya rasu a 1638 ya bar mata rabin dukiyarsa da littattafai kusan 400. Jami'ar Yale kuwa tun 1890 ta kafa asusun da tsofaffin ɗalibanta suke zubawa duk shekara.

Labarin da masu wannan sana'a suka fi son bayarwa shi ne na Michael Bloomberg, tsohon magajin garin New York. Ya gama jami'ar Johns Hopkins a 1964, shekarar da ta biyo ya aika musu dala 5. A 2018 ya ba su miliyar 1.8 a tashi ɗaya. Shi ya sa ba sa raina mai goma. A 2024 wata tsohuwar malama, Ruth Gottesman, ta ba makarantar likitanci ta Albert Einstein da ke Bronx miliyar ɗaya, aka yafe wa ɗalibai kuɗin makaranta gaba ɗaya. Nan garinmu ma, jami'ar A&T, wadda tun asali ta baƙaƙen fata ce, ta samu miliyan 45 daga attajira MacKenzie Scott a 2020.

To, kada ku ce na zama maroƙinsu. Abin yana da nasa ƙazantar. Karatu a nan tsada gare shi na fitar hankali, wasu jami'o'i masu zaman kansu sun haura dala 60,000 a shekara, bashin karatu da ke wuyan Amurkawa kuma ya wuce miliyar 1,600. Sai ka ga yaro yana biyan bashi duk wata, makarantar da ta sa shi cikin bashin kuma tana kiransa ya ba ta sadaka. Da yawa kashe wayar suke, kuma ban ga laifinsu ba. A gaskiya waɗanda suke bayarwa ba su kai ɗaya cikin goma ba in aka haɗa ƙasar duka, kuma mafi yawan kuɗin daga hannun 'yan tsiraru yake fitowa. Ruwa kuma inda ya tarar da ɗan'uwansa yake kwanciya: jami'ar da ta riga ta ƙoshi ita ake ƙara wa, ƙananan makarantun da 'ya'yan talakawa da baƙi irinmu suke shiga kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Akwai kuma fifikon da wasu manyan jami'o'i suke ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da na masu bayarwa wajen ɗauka. Mu da muke kukan alfarma a gida, ga ta nan an sa mata kwat. Jihar Kolorado ta hana hakan a jami'o'in gwamnati a 2021, Kaliforniya ta biyo baya a 2024 har da masu zaman kansu.

Duk da haka, da na zauna na auna, ban yarda cewa Ba'amurke ya fi Badamagare kyauta ba. Ko kusa. Ku lissafa abin da ma'aikaci ɗaya yake fitarwa a wata tsakanin biki, suna, gaisuwar rasuwa, takardar magani ta ɗan'uwa, da buhun hatsin da yake aikawa Mirriya ko Matamai. Ku dubi masallatan da aka gina a Birni da Zango da Garin Malam da kuɗin jama'a. Ku dubi abin da 'yan ci-rani suke turowa ta Nita da Al Izza kafin kowace salla. Ba'amurke maƙwabcinsa zai yi wata a asibiti bai leƙa ba. Mu mutum muke ba, wanda muka san fuskarsa. Lakwal kuwa a wurinmu ta gwamnati ce, tun zamanin Nasara haka muka ɗauke ta, abin gwamnati kuma ba na kowa ba ne. Rufi ya yaye, a jira Yamai. Tebur ya karye, yara su zauna ƙasa, a jira Yamai.

In kuma an yunƙura an yi karo-karo, kun san yadda take ƙarewa. A tara a hannun mutum ɗaya saboda dattijo ne, ba rasit, ba rahoto, wanda ya tambaya a ce ba shi da kunya. Wataƙila ma ko dala bai ci ba, amma tun da ba a nuna ba, zargi ya shiga, baɗi ba mai sake bayarwa. Ba'amurke ba don ya yarda da shugaban jami'a yake bayarwa ba. Takarda ya yarda da ita.

Abin takaicin shi ne wannan uwar kuɗi da suke taƙama da ita mun san ta tun kafin a san da Amurka. Waƙafi ne. Da shi Azhar ta Alƙahira ta rayu ɗaruruwan shekaru, kuma kowane almajiri ya haddace cewa sadaka mai gudana da ilimi mai amfani ba sa yankewa bayan mutuwa. Maƙwabtanmu sun ɗan motsa: Aliko Ɗangote ya gina wa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ɗakunan kwanan ɗalibai, Abdussamad Rabi'u kuma ya ba ta naira miliyar ɗaya a 2021. Sai dai wannan kyautar attajirai ce, ba ita nake nufi ba. Ta mai jaka ɗaya nake nufi, wadda take dawowa kowace shekara.

Jami'armu ta Damagaram yarinya ce, a 2010 aka kafa ta tare da ta Maraɗi da ta Tawa, yanzu tana ɗauke da sunan marigayi André Salifou, masanin tarihi ɗan garin nan wanda ya jagoranci taron ƙasa na 1991. Waɗanda ta fara yayewa yanzu ne suke kama ƙasa, wasu a makarantu, wasu a matatar mai, wasu a ƙungiyoyin agaji. Har yanzu ana iya rubuta sunayensu kaf da lambobinsu kafin su watse. Waɗanda suka yi jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai kuwa, da 'yan lise irinmu, akwai ministoci da likitoci da manyan 'yan kasuwa a cikinsu, amma wa ya taɓa kiransu da sunan makaranta?

Ga abin da nake ba da shawara a kan tamu makarantar. Kada mu ce za mu gyara ta duka. Mu zaɓi abu ɗaya da ake gani, ko tankin ruwa, ko tebura na aji biyu, a je wurin maƙeri da kafinta a jiyo farashi a rubuce. A buɗe asusu a banki da sa hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu mace, don 'yan matan ajinmu sun fi mu riƙon adashe. A sa rana ɗaya a shekara wadda ba ta canjawa, ni ina ganin mako biyu bayan ƙaramar salla, lokacin da aljihu ya ɗan farfaɗo. Mafi ƙaranci jaka ɗaya, kuma sunan mai jaka ɗaya ya fito a jeri guda da na mai ɗari. Wanda ya bayar a ba shi rasit ranar, a kuma kira shi a yi masa godiya. In an gama aiki a liƙa lissafin a ƙofar ofishin direkta, a turo mana hotonsa. Mu na nan Girinsboro mun yi magana bayan Juma'ar da ta wuce, mun yarda duk abin da kuka tara a gida za mu ɗora kwatankwacinsa, amma sai mun ga lambar asusun da sunayen mutum ukun. A gaida su Malam da Hajiya, da 'yan fada baki ɗaya.