Dashen ɓargo: a ɗebo daga ƙashi ko daga jijiya bayan allura?

Hajiya Allah ya ba yaronki lafiya. Kin ce yana da sikila, likitocin Indiya sun ce jininshi ya dace da na yayanshi, kuma kina tambaya wanne ya fi, a ɗebo irin jinin, wato ƙwayoyin da ke haifar da sabon jini, daga ƙashi ko a yi ma yayan allura a ɗebo ta jijiya. To ga abin da na sani.

Na ƙashi, sai an sa mai bayarwa barci, a soka allura a ƙashin ƙugu a zuƙo ɓargo, ya yi 'yan kwanaki yana jin ciwon wurin. Na jijiya kuma ana yi mishi allurar G-CSF, wadda ake kira filgrastim, tun 1991 aka fara aiki da ita a Amurka, kwana 4 ko 5 a jere, ita ce ke zuga ɓargo ya tunkuɗo irin cikin jini, sannan a haɗa shi da na'ura ta tace na wasu awoyi yana kwance ido biyu. Ciwon ƙashi da ciwon kai dai zai sha.

A farkon dashe na allura ya fi saurin kamawa. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2012, mutum 551 masu kansar jini da suka karɓa daga wanda ba danginsu ba, ya nuna a waɗanda aka dasa ma na allura fararen ƙwayoyin jini sun riga dawowa da kamar kwana 5, kuma waɗanda dashen ya ƙi kamawa kashi 3 cikin 100 ne, na ƙashi kashi 9. Amma fa tafiya ta yi nisa sai labari ya sake, sabon jinin nan yakan juya ya riƙa yaƙar jikin mai shi, fata ta bushe ta yi tauri, ido ya ƙafe, baki ya yi gyambo har tuwo ya gagara ci, kuma abin ya kan ɗauki shekaru. Wannan ya sami kashi 53 na waɗanda aka dasa ma na allura, na ƙashi 41. Yawan waɗanda suka rayu bayan shekara 2 kusan ɗaya ne, amma bayan shekara 5 na ƙashi sun fi komawa bakin aikinsu.

Mai kansa yana da ɗan amfani a wannan yaƙin don yana cinye ragowar cutar, mai sikila kuwa ba ribar komi sai wahala, shi ya sa ga yara masu sikila ɓargon ƙashi aka fi zaɓa, ni ma shi nake gani ya fi ma naki.

Don Allah Hajiya ki riƙe wannan, shi mai SS allurar G-CSF tana iya tada mishi ciwo mai tsanani, har an yi asarar rai. Kuma kafin ku baro Damagaram a gwada yayan a san AA ne ko AS, tunda shi za a yi ma allurar in an zaɓi na jijiya, ki tafi da takardar a hannu ki nuna musu.