Otoklaf na kan tebur mai lita 18, ajin B: ƙarfinsa da rauninsa

Na'urar da muke dubawa ita ce ƙaramar tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, irin wadda ake ajiyewa a ɗakin likitan haƙori ko ƙaramin asibiti, mai cikin lita 18 da tire uku zuwa biyar. Ma'aunin Turai EN 13060 ya kasa irin waɗannan na'urori gida uku: N, S da B. Duk wanda yake naɗe kayan aikinsa a jaka, ko yake amfani da kan injin huda haƙori, to B ce tasa, ko da ta fi tsada.

Dalili kuwa iska ce. Tururi ba ya kashe abin da bai taɓa ba, kuma duk lungun da iska ta maƙale, tururi ba zai shiga ba. Ajin N tana barin tururi ya ture iskar da kansa, wanda ya wadatar ga madubin baki ko hantsaki da aka shimfiɗa ba naɗi. Ita kuwa B tana da famfo mai zuƙe iska, yawanci sau uku, tana cusa tururi tsakanin kowace zuƙa. Da haka ne tururin ke ratsa siraran bututun da ke cikin kan injin, inda jini da yawu suke ɓuya.

Shirye-shiryenta biyu ne manya. Akwai digiri 134 a matsi kusan bar 2.1 (bar ma'aunin matsi ne), na aƙalla minti 3, don kayan ƙarfe. Akwai digiri 121 a kusan bar 1.1, na aƙalla minti 15, don roba da abin da ba ya jure zafi sosai. Kada minti ukun nan ya ruɗi mai saye. Idan aka haɗa ɗumama, zuƙar iska da busarwa, zagaye ɗaya na cin minti 30 zuwa 50, gwargwadon lodi. Ɗakin da marasa lafiya ke layi sai ya tanadi ƙarin saitin kaya, in ba haka ba ma'aikaci zai fara yanke lokacin busarwa, a nan kuma ɓarna take farawa. Jakar da ta fito da danshi ba tsarkakakkiya ba ce, domin jiƙaƙƙiyar takarda tana jan ƙwayoyin cuta daga hannu ko tebur zuwa ciki. Sai dai a sake naɗewa, a sake dafawa.

Galibin jakunkunan da ke fitowa a jiƙe ba laifin na'urar ba ne, cunkoso ne. A tsayar da su a gefensu, fuskar takarda tana kallon fuskar ledar ta kusa da ita, kada su taɓa bangon tukunya. Almakashi da filayar cire haƙori a sa su a buɗe. Kafin duk wannan, sai an wanke kaya sarai an busar, don busasshen jini kan zama garkuwa ga abin da ke ƙarƙashinsa.

Babban raunin na'urar shi ne tsirfar ruwa. Ba ta shan na famfo, sai tatacce wanda aka cire wa gishiri, wanda bai wuce mikrosimens 15 a santimita ba, a ma'aunin yadda ruwa ke ɗaukar wutar lantarki. Ruwa mai gishiri yana toshe bawul, ya yi ɓawo a kan abin ɗumama, ya bar fararen tabo a jikin kaya. Ragowar bilic ko ruwan gishiri kuma yana cin ƙarfe ya yi masa ƙananan ramuka, a yi ta zargin tukunya alhali ɗauraya ce ba a yi ba. Robar bakin ƙofa ma tana gajiya. A riƙa goge ta da tsumma mai laima kullum, da zarar ta tsage a canza. Na'urar tana jan wuta wajen kilowat biyu, famfonta yana da ɗan ƙara, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, lodin duka ya koma farko.

Abin da ya fi burge mu shi ne shirye-shiryen gwajin da ke cikinta. Gwajin yoyon iska ana yin sa tukunya na sanyi kuma ba kaya. Gwajin Helix, wani siririn bututu ne mai tsawon mita ɗaya da rabi da takardar alama a ƙarshensa: in launin bai sauya duka ba, iska ta rage. Amma layin da ke baƙi a bayan jaka shaida ce kawai ta cewa jakar ta ga zafi. Tabbaci sai gwajin ƙwayar Geobacillus stearothermophilus, wata bakteriya mai jure zafi da ake sawa a tukunya a ga ko ta mutu, wanda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a yi aƙalla sau ɗaya a mako.

Kafin a biya, a tambayi dillali ko yana da robar ƙofa da filta a ajiye, ko akwai injiniyan da zai duba na'urar shekara-shekara, da kuma ko tana buga bayanan kowane zagaye a takarda ko a katin ajiya.